Doki Namu, Linzami Na Wa?

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ya tuna mana da wannan karin magana shi ne yadda allunan sanarwa na lantarki suke ta yaɗuwa a filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci da manyan kantuna, har ga shi sun fara leƙo harabar makarantu. Duk wanda ya wuce ta gabansu sai ya ɗaga kai, ya yaba girmansu da haskensu da yadda hoto yake korar hoto ba tare da an ga hannun kowa ba. Su kuma masu riƙe da jakar kuɗi, idan za su saya, tambayarsu ba ta wuce biyu: inci nawa ne, kuma nawa ne kuɗinsa. Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da yake motsa allon. Mu kuwa a ganinmu, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wannan tambaya ta uku ita ce uwar tambayoyi. Gilashin da muke gani doki ne kawai, manhajar da ke cikinsa ita ce linzami, kuma sanin kowa ne wanda ya riƙe linzami shi ke faɗin inda za a dosa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace abin da muke magana a kai, don kada mu yi ta kiɗa ba a san rawar da ake nufi ba. Allon lantarki ba ya aiki sai manhajoji iri uku sun haɗu. Ta farko ita ce manhajar tsarawa, wadda take zaune a kan babbar kwamfuta, ko dai a cikin ofishin masu allon ko kuwa a ma'ajiyar wani kamfani can wata uwa duniya. A nan ne ake loda rubutu da hotuna da bidiyo, a yanka fuskar allo gida-gida, a ce wannan sanarwa ta fito daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 10, waccan kuma ta sauka ranar Alhamis. A nan ne kuma ake rubuta sunayen waɗanda aka yardar wa su sa abu ko su cire. Ta biyu ita ce manhajar nuni, wadda take cikin wata 'yar ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a bayan allon, ko kuwa cikin allon kansa. Aikinta shi ne ta riƙa tuntuɓar ta farko lokaci-lokaci, ta kwaso abin da aka tsara, ta adana, ta nuna shi a kan kari. Ta uku ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, watau irin su Windows da Linux da Android, ko Tizen ta kamfanin Samsung, ko webOS ta kamfanin LG. Waɗannan uku kamar duwatsun murhu suke, in ɗaya ya goce tukunya ta kife.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1987 aka kafa kamfanin da daga baya ya shahara da sunan Scala a ƙasar Norwe, yana yin irin wannan manhaja a kan kwamfutar Amiga, kuma daga wancan lokaci zuwa yau kamfanoni masu yawa sun shigo kasuwar. Saboda haka akwai tarihin da za a duba, akwai kuma darussan da wasu suka riga suka biya kuɗinsu da tsada. Bari mu kawo kaɗan daga ciki.

A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai garkuwa da bayanai, wadda ake kira WannaCry, ta bazu a duniya. Matafiya a tashoshin jirgin ƙasa na Jamus suka ɗaga kai don duba lokacin tashi, sai suka tarar da takardar neman kuɗin fansa ta rufe allon. Abin takaici shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, watau wata biyu kafin aukuwar abin, amma ba a sa shi a na'urori da yawa ba. A watan Satumba na 2018 irin wannan hari ya sa filin jirgin saman Bristol a Ingila ya kashe allunansa har kimanin kwana biyu, ma'aikata suka koma rubuta lokutan jirage da hannu a kan farin allo. Wata guda kafin haka, filin Gatwick ya sha irin wannan kunya, shi kuma ba ɓarawo ba ne ya shiga, wayar sadarwa guda ce ta lalace, allunan suka rasa hanyar jin labari.

Wanda ya fi duka girma shi ne na ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024. Kamfanin CrowdStrike, wanda sana'arsa ita ce tsare kwamfutoci daga masu kutse, ya aika da wata sabuntawa mai kuskure, nan take na'urori masu Windows suka sume. Microsoft ya ƙiyasta yawansu da miliyan 8.5. Alluna a filayen jirage daga Amurka zuwa Indiya suka koma shuɗi fetal, aka soke dubban tafiye-tafiye, har a wasu wurare aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Gyaran kuwa, a na'urori da yawa sai da mutum ya je da ƙafarsa ya taɓa kowace ɗaya. Mai karatu ya dubi allon da aka rataye can kusa da rufi, ya auna wahalar. A duk waɗannan wurare babu gilashin da ya fashe, babu fitilar da ta ƙone. Dokin lafiyarsa lau, linzamin ne ya tsinke.

Akwai kuma abin da ya fi mutuwar allo muni, watau allo ya yi magana da bakin wani. A ƙarshen watan Satumba na 2016 wani katafaren allon talla a birnin Jakarta ya nuna hotunan batsa tsawon wasu mintoci a gaban jama'ar da cunkoson motoci ya tsare. 'Yan sanda suka kama wani matashi, suka ce ya sami shiga ne domin ya ga sunan shiga da kalmar sirri sun bayyana a fuskar allon kansa. A watan Yuli na 2021 masu kutse suka shiga allunan tashoshin jirgin ƙasa na Iran, suka rubuta cewa jirage sun makara, mai ƙorafi ya buga wata lamba, lambar kuwa ta ofishin jagoran ƙasar ce. A 2025 ma masana tsaro sun ba da labarin ana amfani da wata ɓaraka a manhajar MagicINFO ta Samsung wajen kame kwamfutocin da ba a sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a makaranta mai dubban ɗalibai, a lokacin jarrabawa ko lokacin da zukata suka yi zafi, sanarwar ƙarya guda a allon da kowa ya amince da shi ta isa ta jawo abin da ba a fata.

Idan wannan ya sami ƙasashen da wutarsu ba ta ƙiftawa, ina ga mu? A nan ne muke so a tsaya a yi tunani, domin akwai matsaloli uku da suka fi shafarmu, waɗanda mai tallar kaya ba zai ambata ba sai an tambaye shi.

Ta farko ita ce kuɗi. Kamfanoni da yawa sun daina sayar da manhaja a mallaka, sun koma ba da ita haya, ana biya a kan kowane allo kowane wata, kuma da dala. Bari mu yi lissafi na misali. A ɗauka hayar allo guda dala 10 ce a wata, makaranta kuma tana da allo 20, ka ga dala 2,400 ke nan a shekara. A farkon watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, wannan kuɗi bai fi naira miliyan 1.1 da 'yan kai ba. Zuwa watan Fabrairu na 2024, da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya zama naira miliyan 3.6, alhali kuwa ba a ƙara allo ko ɗaya ba. Ranar da aka kasa biya, wasu manhajojin sai su rufe ƙofar tsarawa, a bar mutane da gilashi mai tsada yana maimaita sanarwar bara. Daɗin daɗawa, manhaja tana da ajali. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 ta gama-gari sabuntawar tsaro kyauta, kamar yadda Adobe ya yi wa Flash jana'iza a ƙarshen 2020 bayan an shekara da shekaru ana gina abubuwan nuni a kanta. Wanda ya sayi allo yana zaton ya gama kashe kuɗi, ashe somin taɓi ya yi.

Ta biyu ita ce wuta da hanyar sadarwa. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Nijeriya da Gana suka shiga ƙunci. A watan Oktoba na wannan shekarar jihohin Arewa da yawa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A watan Satumba na 2021 kuwa hukuma ce da kanta ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Manhajar da ba ta iya nuna komai sai ta ji daga wata kwamfuta a Turai ba ta dace da mu ba. Wadda ta dace ita ce mai adana kayanta a cikin na'urar, ta ci gaba da bin jadawali ko da hanya ta yanke, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo, ta tashi da kanta ta kama aiki ba sai an nemo tsani an hau an danna mata maɓalli ba. Ya kamata kuma a iya kai mata sabuwar sanarwa ta wayar cikin gida ko ta 'yar ma'ajiyar hannu. Wannan ba alfarma ba ce, sharaɗi ne da ya kamata a gwada a gaban mai sayarwa: a zare wayar, a kashe wutar, a ga abin da zai faru.

Ta uku ita ce harshe, kuma ita ta fi ci mana rai. Tun cikin shekarun 1930 aka daidaita rubutun boko da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma 'yan'uwanmu na Nijar suna ƙarawa da ƴ. Dukansu suna cikin Unicode, ma'aunin da duniya ta amince da shi na rubutu a kwamfuta. Amma kasancewar harafi a cikin ma'auni ba ya nufin kowace na'ura tana da zanensa. Idan zubin haruffan da ke cikin na'urar nuni bai san su ba, sai a ga 'yan akwatuna ko alamar tambaya sun tsaya a gurbinsu. Daga nan sai mai buga sanarwa ya gaji ya zubar da ƙugiyar, baƙi su zama baki, ƙafa ta zama kafa, faɗa ya zama fada. Allon da dubban yara za su riƙa karantawa kullum malami ne, ko an naɗa shi ko ba a naɗa ba, kuma idan yana rubuta Hausa a gurguje haka zai koyar. Maganin kuwa yana nan kyauta. Akwai zubin haruffa na Noto da Google ya fitar, akwai Andika da Charis na ƙungiyar SIL, har ma akwai Alkalami, wanda aka zana shi a kan salon rubutun ajami na ƙasar Kano. Abin da ake bukata kawai shi ne manhajar ta yarda a sa mata zubin da aka ga dama, ta kuma iya jera rubutu daga dama zuwa hagu.

Bayan waɗannan uku akwai wata magana da ta fi su zurfi. Tsohon allon katako na bakin ɗakin cin abinci, duk da ƙurarsa da tarkacen takardunsa, yana da wata falala: duk mai takarda da ƙusa yana iya magana. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta liƙa tata, ɗalibin da ya yar da katinsa ya liƙa tasa, mai neman kujera ya liƙa tasa. Allon lantarki ba haka yake ba. Ba mai hawa sai wanda aka ba kalmar sirri, kuma mai riƙe da babbar kalmar yana iya sauke maganar kowa daga kan kujerarsa cikin ƙiftawa da bisimilla, ba tare da an ga ko yagaggen gefen takarda ba. Ashe ke nan shafin da ake rubuta sunayen masu izini a cikin manhajar tsarawa wani ɗan ƙaramin tsarin mulki ne, ko da yake ba wanda ya zauna ya yi muhawara a kansa. Haka nan wasu allunan ba nuni kaɗai suke yi ba, kallo ma suna yi. A watan Oktoba na 2020 hukumomin kare sirri na Kanada suka bayyana cewa kamfanin Cadillac Fairview ya sa ƙananan kyamarori a cikin allunan jagora na manyan kantuna 12, manhaja tana ƙiyasta shekaru da jinsin masu wucewa, har aka tara bayanan fuskoki kimanin miliyan 5 ba da sanin masu su ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta aiki a kan abin da ba a san yana faruwa ba.

To, ina mafita? Ba sai mun ƙirƙiro ta ba, ɗalibai irinmu sun riga sun nuna hanya. A makarantar fasaha ta Rensselaer da ke garin Troy a Jihar Niyok ta Amurka, wani rukunin ɗalibai a ƙarƙashin majalisar ɗalibai suka rubuta manhajar alluna mai suna Concerto, suka fara aiki da ita a 2008, daga baya suka sake ta kyauta ga duk mai so. Abin sha'awa a tsarinta shi ne ta kwaikwayi falalar allon katako. Ɗan makaranta yana iya aiko da sanarwarsa zuwa sashen da ya dace, masu tacewa su duba su amince, mai kula da kowane allo kuma ya zaɓi sassan da allonsa zai ɗauka. Haka ma Xibo, wadda ta samo asali daga aikin wani ɗalibin jami'a a Ingila a 2004, ta girma ta zama manhajar da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa, kuma tushen manhajarta ta tsarawa a buɗe yake, kowa na iya ɗora ta a kan kwamfutarsa. Akwai kuma Anthias, wadda a da ake kira Screenly OSE, mai aiki a kan Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ba su fi ɗaliban sassan kwamfuta da injiniya na jami'o'inmu kai ba. Abin da suka fi mu shi ne an ba su bango da wuta da amana.

Mun san abin da za a ce, kuma ba za mu kauce masa ba. Za a ce araha ba ta ado, manhajar kyauta ba ta da wanda za a kira da tsakar dare idan ta ƙi aiki. Za a ce ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ya tattara ya tafi da abin da ke kansa, ya bar na'ura ba mai sanin kanta. Za a ce buɗaɗɗiyar manhaja ma ana samun ɓaraka a cikinta, kuma idan ba a sabunta ta ba ƙadangaren zai shiga kamar yadda ya shiga ta kuɗi. Duk wannan gaskiya ne. Filin jirgin sama ko babban asibiti, inda minti guda na duhu yake iya jawo asara, yana da hujjar ɗaukar kamfani da yarjejeniya mai ƙarfi. Amma amsar gajeren zaman ɗalibi ita ce a haɗa shi da ma'aikatan cibiyar kwamfuta masu dogon zama, a wajabta rubuta komai a littafi, kowane rukuni ya horar da na bayansa kafin ya fita. Wannan shi ne ainihin aikin jami'a. Kuɗin da za a tura waje haya kowace shekara, in an kashe rabinsa a kan horarwa, ilmin yana nan tare da mu ko dala ta hau ko ta sauka. Kuma ko da an zaɓi manhajar kamfani, wanda ya san yadda abin yake aiki shi ke iya ciniki, wanda bai sani ba sai dai ya sa hannu inda aka nuna masa.

Saboda haka muna kira ga duk hukumar makaranta ko ƙungiyar ɗalibai da ke shirin rataya irin waɗannan alluna da ta nemi amsar tambayoyi biyar a rubuce kafin ta fitar da ko kwabo. Na farko, wa zai riƙe babbar kalmar sirri, kuma shin za a miƙa ta ga makaranta ko kuwa za ta zauna a aljihun ɗan kwangila? Na biyu, nawa ne kuɗin manhajar a shekara biyar, da wane irin kuɗi za a biya, kuma me zai faru da allon da kayan da ke ciki ranar da aka daina biya? Na uku, shin allon zai ci gaba da aiki ba intanet, ya kuma tashi da kansa bayan ɗaukewar wuta? Na huɗu, a buga jimlar Hausa mai ɗauke da dukan haruffa masu ƙugiya, da layi guda na ajami, a gani da ido sun fito daidai. Na biyar, wa ke da alhakin sabuntawa, har zuwa wace shekara mai manhajar ya yi alkawarin kula da ita, kuma akwai kyamara ko wata na'urar tattara bayanai a jikin allon? A kan waɗannan muna ƙara sharaɗi guda wanda ba na ɗan kasuwa ba ne, namu ne na cikin gida: a rubuta ƙa'idar wanda ke da ikon sa sanarwa da wanda ke da ikon cirewa, a liƙa ta a fili, a ware wa ƙungiyoyin ɗalibai rabonsu na lokaci, kuma kada a tumɓuke tsohon allon katako, domin ranar da wuta ta tafi shi ne zai rufa asiri.

Tun ran gini ran zane. Allon da aka saya ba tare da waɗannan tambayoyi ba zai yi haske shekara ɗaya ko biyu, a ɗauki hoto a gabansa ranar buɗewa, daga nan ya bi sahun sauran na'urorin da ke rataye a bangayen ma'aikatunmu sun zama matattarar ƙura da saƙar gizo. Wanda aka saya da ido buɗe kuwa, aka damƙa linzaminsa ga 'yan gida, zai zama allo kuma ya zama aji, inda ɗalibai za su koyi abin da za su ci abinci da shi gobe. Zaɓi yana hannun waɗanda za su sa hannu a takardar saye, amma tambaya tana hannunmu, kuma bai kamata mu jira sai an gama rataye allon sannan mu yi ta ba.